Bugun Zuciyar Baba da Muka Je Ɗaukowa a Samaru

Ko zakaru ba su gama cara ba muka fito daga gida a Jushi, ni da yayata, ranar Asabar ɗin nan da ta wuce. Na san za ku ce Jushi zuwa Samaru ai ba tafiya ba ce, ɗan acaɓa ma yana yin ta sau goma kafin azahar. To ni dai na je na dawo, kuma har yau jikina bai koma daidai ba.

Bari ku ji abin da ya kai mu. Yayata karatun lantarki take yi a Samaru. Ni kuwa tun aji uku na sakandare ni da allo muka rabu lafiya, na koma gyaran hanset a PZ. Aikinta na kammala karatu wani ɗan akwati ne mai wayoyi, a manna wa mutum a ƙirji, a jona da wata na'ura da suke ce wa osiloskop. Kamar ƙaramar talabijin take, sai dai ba ta nuna fim, layi kawai take zanawa yana tsalle. Da ta gama haɗawa, Baba ya ce da shi za a fara gwaji. Ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya je har lab ɗinsu, na'urar ta zana bugun zuciyarsa, aka adana a cikinta. Bayan wata biyu Baba ya rasu. Shi ne Mama ta ce tana so a fitar mata da layin nan a takarda. Ga shi ranar Litinin sabbin ɗalibai za su hau kan na'urar, su danne duk abin da ke ciki. Kwamfutar lab ɗin kuma, wadda za ta fitar da layin a takarda, ta ƙi magana da osiloskop ɗin. Sai aka tuna da ni, injiniya mara satifiket.

Mun fara tsayawa a PZ, na buɗe rumfar ogana na kwashi sukundireba, mita, ƙarfen dalma da kebul mai haƙora tara. Mai shayin bakin titi ya haɗa mana kauri biyu da burodi. Yaya ta kurɓa sau ɗaya ta ture mini nata. Bas ɗin Samaru naira talatin, kujerar mutum uku an cusa mu huɗu, wata mata kuma ta ɗora mini kwandon tumatir a cinya kamar ta haife ni. A Kwangila kwandasta ya yi rigima da wani ɗalibi kan canji, rabi Hausa rabi Turanci, babu wanda ya ci. Daidai Palladan Yaya ta nuna mini wata mai ƙosai, ta ce nan Baba ya sa suka sauka ranar gwajin, wai ba za a auna shi da yunwa ba.

Dattijon da ke kula da lab ɗin shi ya buɗe mana, ranar hutunsa. Wata uku kenan yana hana kowa taɓa gurbin da aka adana bugun Baba a cikin na'urar. Ya kunna na'urar, ya danna nan ya danna can, sai ga shi. Koren layi, ya tashi tsini ya sauka, ya ɗan huta, ya sake tashi. Tsini huɗu na ƙirga. Na ce, "Yaya, kin ga ko a nan ma tsohon nan ba ya sauri." Ta yi dariya da hawaye a ido.

Ta ce, "Auta, mu kira mai hoton bakin get ya fara ɗauka mana gilashin na'urar tukuna."

Na ce, "Haba Yaya, hoto kuma? Haske zai kashe shi. Ki ba ni minti goma in fito miki da shi fes."

Minti goma ya zama awa huɗu. Na goge sofwayar da ke kwamfutar, na sake zubawa daga faifanta. Kwamfutar ta ce ba ta ga na'ura ba. Na canza ramin da ake soka kebul, daga na ɗaya zuwa na biyu. Shiru. Na sa mita a kebul ɗin, sai na gano miƙaƙƙe ne, alhali littafin na'urar ya zana cewa sai an gicciya waya ta biyu da ta uku, don bakin wannan ya dace da kunnen wancan. Na yanka, na juya, na liƙe da dalma. Dattijon ya leƙo ya ce, "Kai, yaron nan da kai a wuyansa." Wannan yabon ne ya kashe ni.

Muka sake gwadawa. Wannan karon kwamfutar ta amsa, amma da wasu haruffa birkitattu kamar rubutun kaza. Aka kira azahar, dattijon ya tafi masallaci. Yaya ta fita sayo mana fiya wata.

Ku da kuka san aikinmu kun san darasin farko da oga yake koya wa mutum. Hanset ta yi taurin kai, ka cire batir, ka ƙirga goma, ka mayar. Sau ɗari na yi, sau ɗari ya yi aiki. Hannuna ya riga kaina. Na kashe na'urar, na kwance bayanta, na hango wani ɗan batir a maƙale a kan allon ciki, na ɓanɓaro shi, na ƙirga goma, na mayar. Har da fito nake yi.

Ina kunnawa kwamfutar ta gaishe ta nan take. Na yi ihu, Yaya ta shigo da gudu da ledar ruwa a hannu. Na danna a ɗauko abin da ke gurbin Baba. Babu komai. Na sake dannawa. Babu.

Dattijon ya dawo, ya ga sukurori a kan tebur, ya zauna a hankali. Ya ce wannan ɗan batirin shi ke riƙe da duk abin da aka adana. Ya ce haruffan nan birkitattu kuwa alama ce an kusa, saurin maganar na'urar ne ya bambanta da na kwamfuta, lamba ɗaya za a canza a daidaita su. Ni da na cire batir, na mayar da lambar yadda ta zo daga kamfani, shi ya sa suka shirya. Na gyara hanya, na zubar da kayan.

Yaya ba ta zage ni ba. Da ma ta yi. Ta tsaya tana kallon gilashin, ruwa yana ɗiga daga ledar a kan takalminta.

Sai ɗan tasha ya motsa a cikina. Na ce, "Yaya, akwatinki yana nan. Manna mini wayoyin, mu buga nawa. Ai jini ɗaya ne, Mama ba za ta gane ba."

Ta ce, "Ni zan gane. Rufe musu kayansu mu tafi."

A dawowa bas ɗin babu cunkoso, amma ban taɓa jin matsi irin na ranar ba. Da muka zo Palladan mai ƙosan ta riga ta tashi, sai murhu da toka. A PZ abokai suna ta ɗaga mini hannu, "Injiniya, ya Samaru?" Na yi kamar ban ji ba.

Mun tarar da Mama a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta kalli hannun Yaya, ta kalli nawa. Yaya ta buɗe baki za ta ce na'urar ce ta lalace, na riga ta. Na durƙusa na ce, "Mama, ni ne. Yana nan da safe, na gan shi da idona, ni na goge shi." Na faɗa mata komai, har maganar mai hoto.

Ta daɗe tana juya shinkafar da yatsa. Can ta ce, "Ka gan shi dai ko?"

Na ce na gani.

Ta ce, "To shi ke nan. Ni shekara talatin ina sa kunnena a ƙirjin nan, na san yadda yake bugawa. Takardar domin ku na so ta. Tashi ka wanke hannu."

Abin da na kwaso daga Samaru kenan. Yanzu duk wanda ya miƙo mini hanset, kafin in taɓa sukuru sai na tambaye shi, akwai abin wani a ciki? Shekaranjiya wani dattijo ya ce akwai, saƙon ɗansa. Sai da na samo biro na kwafe masa shi a bayan kwali, sannan na buɗe.