Mabuɗin da ke aljihun Kawu

Shekarar da na dawo Matameye daga karatun ordinatar, wato kwamfuta, a Damagaram, ƙungiyar manoman rake ta sa ni in yi mata shafi a intanet, don masu saye na nesa su san da ita. Shugaban ƙungiyar kawuna ne, mutumin da ko kwandon goro ya rufe sai ya nemi inda zai maƙala masa kwaɗo.

Shafin ya tashi, amma duk wanda ya buɗe sai wayarsa ta gargaɗe shi cewa wurin ba amintacce ba ne. Na zauna na haɗa masa satifika, shaidar da ke sa ɗan kwaɗo ya fito a saman shafi. Bakina ne ya ja mini. Garin nuna gwaninta na gaya wa Kawu cewa kwaɗon yana da mabuɗi na sirri, dogon rubutu da ke ɓoye cikin na'urar da ke riƙe da shafin, kuma duk wanda ya same shi zai iya yin sojan gona da sunan ƙungiya.

Kawu ya gyara zaman hularsa ya miƙo hannu. A ƙungiyar nan, in ji shi, mabuɗin magaza, ɗakin ajiyar kaya, da na injin ban ruwa duk a aljihun shugaba suke kwana, ba zai fara sabon abu da wannan ba. Na yi bayani har maƙogwarona ya bushe, hannun bai sauka ba. Na buga masa shi a takarda, haruffa cunkus kamar tururuwa.

Na manta da sauran al'adar. Shugaba ba ya karɓar mabuɗi a ɓoye, sai gaban shaidu. Ranar kasuwa ya tara mutane ya ɗaga takardar, kowa ya matso ya ɗauki hoto, har da manoman Dawce. Kafin la'asar mabuɗin sirrin ya zaga wayoyin garin kaf.

In na bar shi, shafin yana hannun kowa. In na faɗi gaskiya, na kunyata dattijo a gaban jama'arsa. Sai na soke satifikar a asirce, na haɗa sabuwa da sabon mabuɗi, na ja bakina na yi shiru. Kawu ya kai tasa takardar wurin baduku aka ɗinke ta cikin fata. Duk sanda ya gan ni sai ya dafa aljihu ya ce shafi yana nan lafiya, ni kuma in durƙusa in yi masa sannu da ƙoƙari. Ba zan ɓoye ba, daɗin abin nake ji, har nakan tsokane shi in tambayi lafiyar mabuɗi.

Bara ƙafa ta hana shi zuwa garka, wato lambun rakensa, ya sauka daga shugabanci. Ya raba mabuɗai a gaban taro, ya bar na fatar a ƙarshe, ya kira ni.

“Ɗiyata, karɓi amanarki. Tun ranar da kika ba ni, ko sau ɗaya bai kwana a wani wuri ba.”

Dariyar da na daɗe ina yi ta maƙale mini. Na durƙusa na karɓa da hannu biyu. Fatar ta yi baƙi ta yi santsi don gumi, kuma har yanzu tana cikin jakata.