Lambar da Ba Ta Kama Ba

Kwanan baya jikata, wadda ke aikin asibiti, take ba ni labari wai masana na neman abin da za su riƙa haɗawa da allurar rigakafi don ƙarfinta ya daɗe a jikin mutum. Na ce Allah ya taimake su. Amma raina ya ɓaci, don ta tono mini abin da na fi shekara sittin ina haɗiyewa.

Mahaifina malamin lamba ne a zamanin Turawa. Shi ke zagaya ƙauyukan Ikara da Makarfi da Kudan a kan keke, yana karce damtsen yara yana shafa musu maganin agana. Maganin kuwa ragon abu ne. A siraran kwalabe yake zuwa, an cuɗa shi da wani maiƙo wai don ya jure zafi, amma ina! Baba kan naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma, duk rijiyar da ya tarar sai ya tsaya ya sake jiƙawa. Duk da haka in ya kwana biyu a hanya da bazara, ƙarfinsa ya soma tafiya. Shi ya sa bayan mako guda yakan koma ya duba hannuwa. In wurin ya tashi ya yi ruwa, lamba ta kama. In ya warke sumul, aikin banza aka yi, sai an sake.

Ni ce 'yarsa ta fari, ina hannun kakata a Dandamisa. Kowa ya san yadda ake da ɗan fari. Baba bai taɓa kiran sunana ba, ko kallona ba ya yi a gaban mutane. In ta kama dole sai ya ce “yarinyar nan”.

Shekarar da aka ce agana ta ɓullo wajen Kudan, can ya fara, ya bi ta Taba, garinmu ne na ƙarshe don kada a ce ya fara da gida. Muka yi layi a gindin tsamiya. Na kutsa gaba da rawar jiki, ai ubana ne. Ko ɗaga kai bai yi ba.

“A mai da yarinyar nan baya,” in ji shi.

Dattawa suka gyaɗa kai, ana ta yaba kunyarsa. Rana ta take kafin a zo kaina, tsumman ya bushe ƙayau. Ya karce ni yana kallon wani wuri, ya lakato ɗan abin da ya rage a kwalba ya shafa.

Da mako ya zagayo ya dawo dubawa. Yaran maƙwabta duk ya kama hannunsu ɗaya bayan ɗaya, har biyu ya sake wa. Ni ina tsaye a bakin zaure na naɗe hannun riga, ina jira. Ya wuce ni ya shiga gaida Kaka.

“Iya, hannun yarinyar nan fa?”

“Lafiya lau, ɗan nan. Ko ƙurji bai yi ba. Jininta mai kyau ne.”

Na san ya ji. Ya fi kowa sanin abin da hakan ke nufi. Amma kawunnaina na zaune, kuma maganin da ke hannunsa ya ƙare. Ya ce in sabo ya iso zai biyo. Da ya kira ni ya ɗora ni a keke zuwa Makarfi, inda akwai sauran magani, da an sake mini a ranar. To, wa zai ga malam ya goyo 'yar fari a bainar jama'a?

Wannan shi ke ci mini rai har gobe. Mutumin da ya san aikinsa, ya tsare 'ya'yan mutane gari bayan gari, ya kasa kama hannun tasa don kada a yi masa dariya.

Agana ta riga sabon maganin isowa. Aka keɓe ni a bukka bayan gari, Kaka ce kaɗai ke shiga, don ita ta taɓa yi. Na tashi, amma ta bar mini zanzana a fuska, ta tafi da idona na hagu.

Ranar da aka mai da ni gida, ina zaune a tsakar gida sai na ji an kira sunana, cikakke, da muryar da ban taɓa jin ta faɗe shi ba. Na duba ban ga kowa ba. Ashe Baba ne, ta hagu ya tsaya, sai da na juya kaina gaba ɗaya kafin na gan shi.