Jikan Maijidda a Cikin Kwamfuta

Duk wanda aka haifa a ƙauyenmu da ke gefen Abu Hujar, hannun Maijidda ne ya fara taɓa shi, har da ni mai ba da labarin. Ungozoma ce mai faɗan tsiya. In ta shigo ɗakin haihuwa, ko mai gida sai ya nemi inuwa a waje.

'Yarta ɗaya, Ramla, ta bi mijinta Jidda, suna zaune ba ikama, wato takardar zama. Tun daga nan Maijidda ba ta ƙara ganinta ba sai a kwamfutar shagon Saifuddeen, ranar kasuwa. A nan ta ga ɗakinsu, a nan ta ga cikin Ramla yana girma. Saifuddeen kan tsokane ta wai fim ɗinta ya fi na kowa tsawo, ita kuwa ta ce ya rufe mata baki.

Da Ramla ta haihu, aka ɗago jaririn gaban kwamfuta. Maijidda ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashi.

"Ke Ramla, buɗe mini idonai in gani."

Idon ya yi ɗorawa, jikin ma haka, ga shi ba ya kama nono.

"Ku kai shi mustashfa wurin likita yau ɗin ga! Cutar shawara ta, ba ta jira."

"Inna, ba mu da ikama. In mun tai, kama mu za a yi."

"A kama ku mana! Wallahi..."

Wuta ta ɗauke. Maijidda ta zauna gaban baƙin gilashi har la'asar, tana murza tafin hannunta a cinya. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar ranar ba. Sai bayan kwana biyu tsoro ya bar mijin ya kai yaron asibiti, amma an makara.

Da kasuwa ta zagayo, Ramla ta fito a kwamfuta ita kaɗai, gaban rigarta a jiƙe.

"Inna, nonon ya ƙi tsayawa. Mi zan yi?"

Maijidda ta gyara zama, ta kwance ɗankwalinta, ta nuna mata yadda ake ɗaure ƙirji.