Kwana Ukun da Aka Ba Isufu

Ni ne na yi kuskure, ba Isufu ba. Bana shekara biyar ke nan da rasuwar ƙanena, kuma sai yanzu na iya faɗin haka a jarida.

Ni a aji shida na tsaya, na koma gonar gero a Dogo-Dogo. Shi ya yi karatu har ya samu aiki a wani babban kamfanin manhajar ordinater, mai rassa a ƙasashe da yawa. Ya ce a biron su har shef, wato shugabansu, da sunansa ake kiransa, kuma kullum ana gaya musu su ƴan gida ɗaya ne.

Da Baba ya rasu, ƴan gida ɗayan nan suka ba shi konje, wato hutu, na kwana uku. Biyu a hanya suka ƙare. Daga nan sai ya riƙa tashi daga tabarmar gaisuwa, ya hau tudun bayan lakwal, makarantar boko, inda ake samun rezon waya, ya ci gaba da aiki a ordinatersa. Wai a cikinta, kusa da sunan kowane ma'aikaci akwai ɗigo. In kore ne, kana aiki. In ya canza, kowa ya san ka tashi, kuma ƙarshen shekara abokan aiki ne ke rubuta ra'ayinsu a kanka.

Ran sadakar bakwai dangi suka zo daga Sassumbrum, aka neme shi babu shi. Da ya dawo na ce a gaban kowa, “Koma wajen danginka na cikin akwati. Mu mun binne ubanmu.”

“Yaya, in ɗigon ya mutu aikin ya tafi,” ya ce a hankali.

Shekara biyu ban ɗauki kiransa ba. A cikinsu aka sallame shi da saƙo ɗaya, tare da wasu da yawa. Ya dawo Magariya da hawan jini.

Yau rezo ya shigo har zaurenmu. A wajen makoki sai ka ga kowa ya sunkuyar da kai yana latsa waya, har da ni. Me Isufu zai ce? Ina jin ba zai yi gori ba, shi ba mai gori ba ne. Ordinatersa na nan a adaka, ba wanda ya san yadda ake buɗe ta. Haƙurinsa ne dai nake gani a fuskar ƴarsa Rabi, kuma yana mini nauyi.

A wancan lokacin, sai da matarsa ta aiko cewa jiki ya yi tsanani na hau moto na je likita. Ya rame, amma ya matsa ya ba ni wuri a bakin gado. Na zauna, na ce:

“Isufu, tsoro ne ya riƙe ka, ni kuma na kira shi rashin imani. Kai ma ubanka ne ya rasu, ban ko yi maka gaisuwa ba. Ya haƙuri? Ka yafe mini.”