Bakan da Ba a Saukewa

A shekarar da aka koma tuƙin dama, Bappa direba yana tashar Sabon Gari yana kallon wani dogon maharbi mai yatsu takwas. Mutumin na rungume da baka mai kunama irin ta bindiga, ya ɗana kibiya.

Bappa ya ce, "Malam, sauke tsarkiyar ka shigo mota."

"Saukewar ce ta cinye min yatsu biyu. Sai dai in harba."

"To harbi ƙasa mana."

"Zomo na ɗana wa. Me ƙasa ta yi min?"

Bappa ya ayyana a ransa cewa wannan maharbi ko a gidansa ba ya janye magana.

Sai ga maharbin zaune kan rufin mota, kibiya na kallon sama. Har Samaru fasinjoji na roƙon Bappa ya kauce wa ramuka.