Madarar da Habibu Ya Sha

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙanena Habibu, likitan dabbobi, kuma har yau ban daina jin haushinsa ba, haushin da na kan ƙare shi da hawaye.

Bincikensa a kan tarin fuka na shanu ne, wanda ke shiga mutum ta ɗanyar madara. A gidanmu na Daura ya addabe mu da wa'azi. Ko cokali ɗaya ba ya bari yarana su sha sai an tafasa, har muka laƙaba masa Sarkin Tukunya.

Aikinsa kuwa ba ya yiwuwa sai makiyaya sun bar shi ya yi wa shanunsu allurar gwaji a wuya, ya dawo bayan kwanaki ya duba kumburi. A rugagen wajen Dutsi an yi ta korarsa, ana zargin ƙirga shanu ya zo yi don haraji. Ranar da wani Arɗo ya ba shi tabarma, sai matarsa ta kawo ƙwaryar madara da ɗumin tatsa. Baƙon da ya ƙi wannan ƙwarya ya raina masu gida, ba zai kuma taɓa saniyarsu ba. Habibu ya ɗaga ya shanye. Haka ya yi ta yi ruga bayan ruga, shekara da shekaru.

Da na ji labari na yi masa faɗa sosai. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, in ban sha tasu ba, ba za su ji tawa ba."

Da ya fara ramewa, ya ce gajiyar hawan babur ce. Kafin ya yarda a kai shi asibiti cutar ta ci cikinsa. Likitoci suka ce irin wadda yake bincike a kanta ce. Allah ne ya san ƙwaryar da ta zo da ita.

Na kan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Ana faɗakarwa kan tafasa madara a rediyo, kuma zai yi murna. Amma da ya ga mutanen gari na rububin ɗanyar madara wai ta fi lafiya, na san da ya tayar da rigima. Binciken nasa bai kammala ba, wannan yana ci mini rai.

A daminar bana na je rugar Arɗon nan don yin barkar haihuwa. Matarsa, Inna Jumma, ta daɗe a bukka kafin ta fito da ƙwarya tana tururi.

"Ki yi haƙuri, Hajiya, sai ta huce," in ji ta. "Tun da muka rasa likita ba mu ƙara ba baƙo ɗanya ba, balle 'ya'yanmu."

Na riƙe ƙwaryar tana ƙona mini tafi, na kasa ajiyewa. Allah ya jiƙanka, Habibu. Sun ji taka.