Ranar da Rana Ta Faɗi Mana a Cikin Mina

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya sanya wa kowane masauki iyakarsa da lokacinsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzon da ya koya mana inda ake sauka da inda ake tashi, da iyalansa da sahabbansa.

Na daɗe zaune a unguwar Rusaifa. Neman ilimi ya kawo ni Makka ina da baƙin gemu, har ga shi ya yi fari, kuma na karantar da babin aikin Hajji sau da yawa. Amma sai a shekarar da yayata ta zo daga gida na gane cewa sanin hukuncin wuri daban, sanin yadda ake samun wurin kwana a cikinsa daban.

Ita ce ta goya ni ina jariri. Ta iso da ciwon gwiwa da sanda, kuma mu duka mun san ba za ta sake wannan tafiya ba. Burinta ɗaya ne, ta kammala aikinta babu giɓi.

Ba sansani ɗaya muka sauka a Mina ba. Ita tana cikin tantunan alhazan da suka zo daga gida, da munduwar roba shuɗiya a hannunta. Ni kuwa na yi rajista da kamfanin mazauna ƙasa, tawa munduwar ruwan ɗorawa ce. Kowace ƙofa da mai gadinta, kuma launin hannunka yake dubawa kafin fuskarka. Sansaninsu an kama shi ne zuwa ranar sha biyu ga wata kawai, namu har zuwa sha uku. Su ba a shigar musu da baƙo ko na minti ɗaya, mu ana bari a gaisa a bakin ƙofa.

Abin yakan ba ni mamaki har yau. A Arfa an kafa gari guda domin yini ɗaya, rana na faɗuwa aka bar shi. A Muzdalifa babu ƙofa, babu munduwa, babu wanda ya kama wuri tun daga gida. Attajiri da lebura kowa ya shimfiɗa abin da ya samu a kan tsakuwa. Sai kuma Mina, kwari ƙanƙane tsakanin duwatsu, da ya haɗiye jama'ar da ido ba ya iya kaiwa ƙarshenta, kowa da katifarsa mai faɗin kafaɗa.

Hukuncin ranar sha biyu sananne ne a mazhabarmu. Ana jifa bayan rana ta karkata daga tsaka. Wanda yake son tafiya ya fita daga Mina kafin faɗuwar rana. In ta faɗi yana ciki, kwana ya wajaba a kansa, da jifan gobe.

Da safiyar ranar Yaya ta kira ni a waya.

"Auta, an ce mu ɗaure kaya. Yanzu za a kai mu jifa, daga can sai mota zuwa masaukinmu na Misfala a cikin Makka."

Na dubi agogo, hantsi bai ma gama ɗagawa ba. Na san shugabanninsu sun bi fatawar malaman da suka sauƙaƙa saboda cunkoso, amma na ce, "Yaya, kada ki yi jifa kafin lokaci. Ki zauna, ni zan kai ki."

"To, malam ya faɗa," in ji ta. Ta zauna, ayarinsu ya tafi.

Abin da ban lissafa ba shi ne, da zafin rana ya tsananta sai aka rufe ƙofofin sansanoni, ba mai fita sai an yi la'asar. Da aka buɗe na same ta a bakin ƙofarsu zaune a kan jakarta, ma'aikata na naɗe katifu a bayanta. Muka kama hanya, taku goma, hutu ɗaya. Ta yi jifa na farko da na biyu, ta jefa tsakuwar ƙarshe rana ta yi jawur a kan dutse. Muna gangarowa gwiwar ta ƙi. Ta zauna a gefen hanya, ga babban allon da ke nuna ƙarshen Mina muna hangensa, tazarar da lafiyayye zai cinye kafin ya gama Fatiha. A nan kiran sallar magariba ya same mu.

Na sunkuya na ce, "Yaya, akwai malaman da suka ce wanda ya riga ya ɗauki kayansa ya kama hanya, ya wuce abinsa."

Ta ɗago ta dube ni. "Da safe ba ka nemo mini sauƙi ba, sai yanzu? Abin da ka koya mini shi zan bi. A Mina zan kwana."

Muka yi sallah, ta huta, muka zaga ta hanyar komawa, domin titin da muka biyo ba a juyawa a kansa. Sansaninsu mun tarar da kwaɗo a ƙofa. A ƙofar namu mai gadi ya dubi shuɗiyar munduwa ya girgiza kai, ya ce mamnu'u, wato an hana. Na yi masa bayani da Larabcin littafi, har da hujjoji. Ya saurara cikin ladabi, ya sake faɗin kalmarsa.

Wata dattijuwa ce ta ji mu, tana fitowa da tiren shinkafa daga ɗakin girki. Bahaushiya ce, daga cikin 'yan'uwanmu da suka zo aikin Hajji tun da daɗewa suka zauna, suna aikin da ya samu.

"Ya shaihu, wa'azi kake wa ƙofa?" ta ce tana dariya. "Wannan ba shi da iko, wallahi. Ɓangaren mata mushrifa ke riƙe da shi, ita ce mai kula da su. Duk wadda ta tafi yau, gadonta ya zama fanko, kuma an yarda a sa 'yar'uwar mai rajista a kai. Amma mace ce ke shigar da maganar, ba namiji ba. Sannu, Hajiya, kawo jakar. Halas, shi ke nan, kin samu wuri."

Ta shiga, ba ta jima ba ta dawo da munduwa ruwan ɗorawa, ta ɗaura wa yayata kusa da shuɗiyar. Yaya ta juya hannunta tana kallo ta ce, "Auta, ga wadda ta fi ka karatu." Na ce haka ne, kuma ba wasa nake yi ba.

Washegari na ga Mina da ban taɓa gani ba, domin a hajjojina na baya kullum ina cikin masu gaggawa. Titunan da jiya kafaɗa ke gugar kafaɗa sun zama fili. Fararen tantuna jere har gindin duwatsu, ƙofofinsu a buɗe, iska na shiga tana fita. Kabbarar mutum ɗaya daga nesa sai ka ji ta sarai. Na tsaya ina tunanin cewa wannan kwari haka yake zaune shekara guda cur yana jiran kwana uku, kuma duk wanda ya taɓa kwanciya a cikinsa, mai munduwa da wanda ya zo a kan raƙumi, an ba shi lokacinsa sannan aka ce ya tashi. Hawaye ya zubo mini ban shirya ba.

Da rana ta karkata aka bar mu muka fita. Yaya ta yi jifanta uku babu mai tura ta, tana tsayawa ta yi addu'a yadda take so. Da muka iso allon nan ta dafa kafaɗata, ta ƙetare shi da ƙafarta, ta ce, "Yanzu kam na gama."

Allah Ya karɓa mata, Ya saka wa dattijuwar nan da masauki a Aljanna. Kai kuma mai karatu, Allah Ya kira ka zuwa wannan kwari kana da lafiya, Ya sanya albarka da natsuwa a gidanka da duk wanda ke kwana a ƙarƙashin rufinsa. Amin.